Kwamfuta Mai Rabuwa Biyu

Ina zaune a bencin mai gyara, ina jiran rediyona. Mutum biyu ne a gefena. Ɗaya akawu ne mai furfura, rungume da tsohuwar kwamfuta. Ɗayan ya cire gilashin tasa daga madannai, yana rubutu a kai da alƙalami.

"Malam, karyewa ta yi?" in ji akawun.

"Haka aka ƙera ta, Baba. In ka so kwamfuta, in ka so allo."

"Wasan yara. Tawa shekara tara, ko tari ba ta taɓa yi ba."

"To me ya kawo ta asibiti?"

"Gaisuwa ta zo." Akawun ya shafa kwamfutarsa. "Wani sabon ma'aikaci a ofishinmu ya sayi irin taka. Ni na koya masa rubuta wasiƙa. Yanzu shi manaja ke shiga taro da shi, wai nan take ake sa hannu a gilashin. Ni kuwa ina can ina neman soket."

"Ai sai ka saya."

"In yi gasa da sa'an ɗan cikina? Allah ya kiyaye. Tana da nauyi?"

"Ɗauka ka ji. Amma ni a gida ba na ganinta. Matata da yara su cire gilashin su tafi kallon fim, su bar ni da madannai. Taka wa ke taɓawa?"

"Babu."

"Kai ka more, wallahi."

Akawun bai ji shi ba, yana ta juya gilashin.

"Ba ta da wani kyau," ya ce.

Sai da mai ita ya miƙa hannu sau uku kafin akawun ya sake ta.