Kirim a Rana

Kailani: Salamu alaikum, ƙanwata ta kaina! Ina wuni?

Rauda: Wa alaikumus salam. Ina wuni, Yaya Kailani.

Kailani: Lafiya lau. Ya Tudun Wada? Ya Inna da ƙafar?

Rauda: Da sauƙi.

Kailani: Ya maigidan? Ya zafi?

Rauda: Zafi kam mun gode Allah. Ya yi aikinsa.

Kailani: To madalla. Ya kek ɗin Hajiya Ummuhani? Na san yanzu kirim ya tashi fari sol kamar auduga.

Rauda: Ya tsinke.

Kailani: Ya yi tsini? Ai haka ake so, ya yi tsini a sama!

Rauda: TSINKE na ce! Ruwa gefe, mai gefe. Har tsami yake yi.

Kailani: Subhanallahi. Ke dai hannunki ne. Ya kika yi?

Rauda: Yadda ka ce. Na tambaye ka yadda kirim ke kumbura, ka ce in rufe shi in ajiye a rana kamar ƙullin waina. Tun hantsi yana kan rufin banɗaki. Na sauko da shi na kama kaɗawa da maburgi har kafaɗata ta mutu.

Kailani: Hahaha! A rana? Rauda, da gaske kin kai shi rana?

Rauda: Dariya kake?

Kailani: A'a, tari ne. Ai ranar Zariya ce ba ta da kirki. Mu a otal ɗinmu na Abuja, ni da hannuna na yi wa manyan baƙi...

Rauda: Zinariya maƙwabciyata ta leƙo ta gani. Ta ce sanyi yake so. Kwano a firij, maburgi a firij, ƙanƙara a ƙarƙashi, a kaɗa, da ya tsaya a daina. Ta riƙe baki tana kallona kamar mahaukaciya.

Kailani: To ai shi ke nan, kin koya! Ki sake wani.

Rauda: Da me? Kwalin kirim ɗin ɗaya ne, Hajiya ce ta aiko da shi daga Kaduna. Walimar saukar 'yarta bayan la'asar ne. Ta ce in ya yi kyau, ni zan riƙa yi wa shagonta na Kwangila. Ka san tun yaushe nake bin matar nan?

Kailani: Haba, wasa fa nake. Wa zai ɗauka za ki yarda?

Rauda: Ni. Sau biyu na ce, “Yaya, ka tabbata?” Ka ce wallahi.

Kailani: Wallahin baki ne, ba na zuci ba.

Rauda: Kullum haka ne. Kai ka yi wasa, ni in kwashe. Ka samu labarin da za ka ba abokanka a majalisa yau.

Kailani: Tsaya, ina da dabara. Ki shafa shi haka, ki ce sabon yayi ne, kek mai kindirmo. Wallahi in na...

Rauda: Kada ka ƙara ce min wallahi.

Kailani: To ki turo min lambar Hajiyar. Ni na iya manyan mata, kalma biyu zan yi mata ta...

Rauda: Ba sai na turo ba. Ka ji hon ɗin nan? Motarta ce a ƙofar gida.

Kailani: Yanzu?

Rauda: Ga ta tana sallama. Wa alaikumus salam, Hajiya, bismillah, shigo! Yaya, ga ta, yi mata kalma biyun.

Kailani: Halo? Halo, Rauda? Kai, layin nan... ba na jin ki sam...

Rauda: Ina jin numfashinka, Yaya.

Kailani: Halo? Bari in sake kira...

Rauda: Hajiya, sannu da zuwa. Zauna tukuna, akwai magana.