Abin da Ake Hangowa daga Hawa na Sittin

A tashar jirgin ƙasa ta bakin teku a Mumbai, Bimabai mai busar da kifi ta sauke kwandonta kusa da wani mai hular kwano. Ta bi wani sabon bene da ake ginawa a gefen tashar da kallo har mayafinta ya zame.

"Ikon Ubangiji! Ɗan nan, hawa ashirin bai ishe su ba? Inuwarsa ta hana kifina bushewa."

"Inna, mutum dubu zai ɗauka, ga tasha a ƙofarsu. Ni ke tuƙa injin ɗaga kaya a hawa na sittin."

"Ashe kai ne ɓarawon ranata. Me kake gani can, aljanu?"

"Teku, har inda ta haɗe da sama. Hadari ma ina hango shi tun kuna shanya."

Ta matso kusa da shi.

"Jiragen masunta fa? Akwai shuɗi mai jar tuta, na ɗana Kashinat. Yau kwana huɗu shiru."

"Da safen nan na ga wani jirgin yana janyo shi da igiya. Mutanensa duk a tsaye."

Ta dafa kwandon, ta sake ɗaga kai.

"Saura hawa nawa?"

"Goma."

"To, su ƙara. Amma kullum ka riƙa duba min."