Siket Ɗin da Zaiton Ta Ƙi Sayar Mini

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Shamsul Bahari. Shugabannin ƙungiyar masu sayar da abinci da 'yan gwanjo na kasuwarmu ta Taiping. Wakilan majalisar gari. Iyayenmu mata da ke tsaye gaban murhu tun kafin kiran assalatu. 'Yan'uwana Malayawa da Sinawa da Indiyawa da muka saba haɗa teburi. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum, barkanmu da ganin wannan rana.

Ina godiya ga Allah da ya tsayar da ni a kan ƙafafuna, ina kuma godiya ga kwamitin da ya zaɓe ni in yi magana a walimar bana. Ni Rohaya, tsohuwar malamar firamare, ba ni da rumfa a kasuwar nan, ba ni da tukunya. Abin da na iya kawai shi ne ci da zaɓen kaya. Maigidana, ga shi can yana sunkuyar da kai, ya sha faɗa wa mutane cewa babu tukunyar da ta kai ta gidanmu hutawa a duk jihar Perak. Ban taɓa musa masa ba.

Magana uku na zo da ita.

Ta farko a kan abincinmu ce. Mu mutane ne da ba mu iya gaisuwa ba sai da maganar ciki. Ka haɗu da mutum a bakin titi, kafin ya tambayi lafiyarka sai ya ce, ka ci abinci? Na girma ina jin wannan tambaya, na tsufa ina amsa ta da gaskiya. Da safe nasi lemak a ganyen ayaba, shinkafar tana ƙamshin madarar kwakwa, yajin yana sa ka share hanci. Da hantsi kofi da gasasshen burodi a shagon Kawu Teoh, wanda bai taɓa tambayata abin da nake so ba don ya riga ya sani. Da rana laksar Inna Sepiah, taliya cikin romon kifi mai tsami, wadda ruwan saman garin nan ba ya hana mu yi mata layi.

To, bara waccan ciwon daji ya kama ni. Maganin da ake yi mini a asibiti ya fara kashe ciwon, amma ya tafi da ɗanɗanon bakina. Duk abin da na sa a baki, sai in ji kamar ina tsotsar cokali mai tsatsa. Na rame har zobena ya zame a wurin alwala. Likita ya gaya wa maigidana a gabana cewa idan ban ci abinci ba, jikina ba zai ɗauki sauran maganin ba. Jama'a, na ji tsoro ƙwarai. Kuma duk wanda ya ce mini kin ci abinci, sai in ce na ci, don a rabu da ni.

Magana ta biyu a kan gwanjo ce. Ni tun ina budurwa ba na jin kunyar gwanjo, kuma ban ga dalilin da zai sa wani ya ji ba. Ranar da ake fasa dila ina cikin sahun farko, hannuna cikin tulin kaya har gwiwar hannu. Da kayana suka yi mini yawa, sai na lallaɓa rumfar Zaiton in nemi ƙanana. Kun san Zaiton, kun san bakinta. Na zaro wani dogon siket shuɗi daga dilar Japan, yadi mai kyau, na yi masa awon da dukkanmu muke yi tunda babu ɗakin gwaji a gwanjo: na riƙe bakin ƙugun, na zagaya shi a wuyana. Kun sani, idan bakin biyu suka haɗu daidai, siket naka ne. Nawa kuwa suka haɗu, suka wuce juna, har suka kusa komawa zagaye na biyu.

Na ajiye shi zan nemi ƙarami, sai Zaiton ta fizge kwandon ƙananan ta tura ƙarƙashin tebur. Ta ce, “Malama, ni ba na sayar wa tsintsiya kaya. Wannan shuɗin shi ne naki, amma ba za ki fita da shi ba sai ya haɗu daidai a wuyanki. Wuya kamar na kazar da ta sha ruwan sama! Je ki wurin Inna Sepiah, ki kawo mini kwano babu komai a ciki, sannan mu yi awo.”

Na yi fushi. Na tuna mata cewa ni na koya wa 'ya'yanta karatu. Ta ce ai shi ya sa ta san ba na son a kayar da ni a jarrabawa. Ta rataye siket ɗin a bayan rumfa inda ake ajiye kayan da aka yi wa kamu.

Haka muka shiga yi duk Asabar. In zauna gaban Inna Sepiah ina tura laksa kamar magani, Kawu Teoh ya aiko da shayi mai kauri ba tare da na nema ba, in ɗauki kwanon in kai wa Zaiton ta leƙa cikinsa kamar mai duba jarrabawa, sannan ta sauko da siket in zagaya shi a wuyana. Kuma duk mako sai in ga rarar ta ragu. Ma'aunin asibiti yana cewa ban ƙaru ba, ni kuwa ina gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa ma'auninsu ne ya lalace, domin awon wuya bai taɓa yi mini ƙarya ba. Wannan raguwar da nake gani da idona ita ta sa na riƙa ƙara cokali ɗaya a kan na jiya.

Wata Asabar, ana ruwa, na kurɓi romon sai na ji tsami ya tsaga harshena. Tsami na gaske, da ƙamshin kifi a bayansa, da yaji yana biye. Na ajiye cokali na yi ta kuka a bainar jama'a. Sai Inna Sepiah ta ƙara mini ludayi guda. Na ƙarasa maganina, daga baya bakin siket ya haɗu daidai a wuyana, Zaiton ta naɗe mini shi a tsohuwar jarida tana mita wai na tsare mata wurin rataya.

Magana ta uku ita ce ta kawo ni nan. A watan jiya siket ɗin ya matse ni, alhamdu lillahi, sai na kai wa Letchumi tela ta buɗa shi. Ta juya cikinsa, ta kira ni. Ta ce, “Malama, wane ne ya yi miki wannan aika-aika? Ɗinki a kan ɗinki, da jan zare, da kore, da baƙi, duk a karkace. Wanda ya yi wannan ko maɓalli bai iya sawa ba.”

Na duba, na gane. A makonnin da jikina ya ƙi motsawa, Zaiton ce take rage ƙugun da allura kaɗan-kaɗan, don in zo Asabar in ga na ci gaba. Ma'aunin asibiti lafiyarsa ƙalau. Ba ta taɓa faɗa mini ba, kuma sai yanzu take jin cewa na sani.

Saboda haka ina roƙonku, ya ku masu abinci, ku ci gaba da sanin fuskokin masu zama a teburanku, ku lura da kwanon da ya dawo da saura. Ina roƙonku, ya ku 'yan gwanjo, ku riƙe sana'arku da daraja. Ina roƙonmu duka, idan mun tambayi mutum ko ya ci abinci, mu tsaya mu dubi wuyansa kafin mu karɓi amsarsa.

Letchumi ta warware ɗinkin nan gaba ɗaya. Siket ɗin da ke jikina yanzu shi ne, a faɗinsa na asali kamar yadda ya fito daga dila, kuma ya zauna mini daidai. Ba zan cire shi in gwada a wuya a gabanku ba, ku yarda da ni haka. Ga zaren nan a hannuna, ja da kore da baƙi, na hana a zubar.

Allah ya sa albarka a tukwanenku da dilolinku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar musu da daɗin bakinsu. Allah ya zaunar da garinmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Zaiton, daina ɓoye fuska a mayafi, ina ganinki. Na san tun safe kina tsaye a rumfa ba ki sa komai a cikinki ba. Inna Sepiah ta ajiye miki kwano, kuma ni zan duba cikinsa idan kin gama.

Na gode.