Kwanon Maƙwabciya

A tashar Samaru, ranar Kirsimeti, wata dattijuwa ta dubi matar da ke gefenta.

"Baiwar Allah, ga abinci a cinya kina kuka?"

"Mama, kwanon maƙwabciyata ne. Da shi ta aiko min naman Sallah kafin tsoron rikici ya mayar da mu Sabon Gari. Ba a mayar da kwano babu komai a ciki, sai na kawo mata shinkafa. Ɗanta ya tare ƙofa, wai in zubar, in ba shi kwanon."

"Ita fa?"

"Na ga labule ya motsa."

"Ki ba shi mana, ki huta."

"Yaron da na goya? Baɗi ma zan dawo. Sai ta fito da kanta ta karɓa."