Shuuu a Kunnen Dattijo

"Ba zan ba ka ba, Baba," in ji Ummusalma, mai sayar da magani a kasuwar Diffa. Ta kulle ƙwayar ƙarfin maza a durowa. "Dubi yadda kake tangaɗi. Ita ke sa ka jiri, kuma tana iya kashe maka kunne."

"Miƙo, 'yata. Matata ta rasu, ba don mace nake sha ba."

"To, don me?"

"In na sha, kunnena sai shuuu. Sai in daina jin 'ya'yana suna kirana daga kogin Komadugu, inda ruwa ya cinye su ranar da muke gudun hijira."

Duk da haka, ba ta buɗe durowar ba.

"Kin ceci kunnena," in ji dattijon, yana laluben ƙofa. "Yau da shi zan ji su, su ukun."