Kwalaben da Dokta Balkisa ta bari

Assalamu alaikum. Malam Liman, wakilin jami'a, mai unguwar Banifandou, Alhaji Ismaël mijin marigayiya, 'yarta Safiatou da sauran dangi, ina gaishe ku. Ya ƙarin haƙuri?

Sunana Zailani, tela ne ni a Zongo. Kun ga fatata, ba sai na ce muku ni zabiya ne ba. 'Yan ƙungiyarmu ta zabiya suka ce in yi magana da yawunsu a kan Dokta Balkisa Mumuni, yau kwana arba'in da rasuwarta.

Ta kasance mai bincike a kan kansar fata, ciwon da rana ke jawo mana, wanda ya raba mu da 'yan uwa da yawa. Ta kasance mai durƙusawa gaban masu maganin gargajiya, tana tambayar su ganyen sabara da ɓawon marke. Wata rana a shagona na ce ta gaya mini abin da take nema da Hausar da zan gane. Ta ce ƙwayoyin fata suna aika wa juna saƙo, wani ya ce a hayayyafa, wani ya ce a tsaya. A mai kansa, saƙon hayayyafa ne ke maƙalewa, kamar in taka keken ɗinkina ƙafata ta ƙi ɗagawa. Abin da take tacewa daga ganye, so take ya tare wannan saƙo a hanya.

Ta kasance kuma mai taurin kai, Alhaji ka fi ni sani. Shekara shida ke nan wani miki ya fito mini a wuya. Na je laboratuwar ɗinta, ɗakin da take bincike, na ga kwalaben ruwan ganyen da take tacewa jere cikin sanyin firigo, na roƙe ta guda. Ta ce, "Malam Zailani, wannan a ɗan farantin gwaji kawai ya yi aiki. Ko a jikin ɓera ban gwada shi ba. Je ka a yanke." Na ce ta raina talaka. Sau uku tana aiko mini da takardar ganin likita, har na gaji na tafi. Aka yanke, na warke, amma sai da na yi wata takwas ban gaishe ta ba. Kunya ce ta hana ni, kuma har yau abin yana damuna.

Safiatou 'yata, mun ji tun sadakar uku mutanenmu ke zuwa gida suna roƙon kwalaben da ta bari. Na san kina jin nauyinmu. Kada ki ba kowa, ko da ni ne na zo. A mayar da su wurin ɗalibanta su ci gaba da aikin.

Sumana ɗan ƙungiyarmu, na hango ka can baya, ka ja rawani ka rufe kunnen mai mikin. Wata biyar kana jiran kwalba, mikin yana ƙara faɗi. Ka yafe mini da na ambaci sunanka cikin jama'a, na yi maka magana mu biyu ba ka ji ba. Gobe ƙarfe bakwai ina ƙofar gidanka da moto, kuma ba zan buɗe shago ba sai likita ya duba ka.

Mun gode wa iyalinta da suka bar mana ita tsawon shekarun nan. Allah ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sa wa aikinta albarka. Allah ya ba marasa lafiyarmu ƙarfin halin zuwa wurin likita da wuri.

Sumana, kowa ya ce amin. Taka ce ban ji ba.