Ƙuri'ar Saje A-Miƙe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Mai girma Dagacin Rafin Marke da masu unguwanninsa. Allah gafarta Malam Liman. Wakilin Shugaban Ƙaramar Hukuma. 'Yan mazan jiya, tsofaffin sojoji abokan aikin marigayi, da kuka taso tun daga Kano da Bagwai da sandunanku. Hajiya Hure, matar marigayi, da ke saurarenmu daga rumfar mata. Abdulkabir da Sa'adiyya da ƙannensu. Jama'ar gari manya da yara. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Hadi, tsohon hedimastan firamaren da muke zaune a filinta. Yau kwana arba'in da rasuwar Saje Yahya, kuma ni aka ce in yi magana a madadin gari. Na ga wasu suna haɗa ido da aka kira sunana. Kuna da gaskiya. Ni ne mutumin da ya kayar da shi a zaɓen kansila da ƙuri'a ɗaya tal. Akwai maganar da ban taɓa faɗa ba game da wannan ƙuri'a, kuma shi da kansa ya sa ni in faɗe ta. Amma ku bar ni in fara da mutumin tukuna, ko bakina ya saba.

Ya kasance ɗan manoma kamar kowannenmu. Yana saurayi aka fara yaƙin basasa, ya ajiye garma ya tafi Kano ya shiga soja, mahaifiyarsa na kuka. Shekara goma sha takwas yana can. Ranar da ya dawo, mu da muke raye mun tuna: akwatin ƙarfe ɗaya, rediyo mai jakar fata, da tafiyar nan tasa kamar an sa masa tabarya a baya. Aka taru ana jiran labarin yaƙi. Bai ba mu ko ɗaya ba. Da aka matsa masa sai ya ce, "Abin da na gani ba na hira ba ne. Ku ba ni labarin damina."

Ya kasance mutumin da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In ya shigo masallaci, kafin Liman ya juyo, ya riga ya bi sahu yana taɓa kafaɗu yana cewa, "A miƙe." Layin karɓar taki, "A miƙe." Yarana a filin taron safe, ya tsaya a bayan katanga da fartanya a kafaɗa, "A miƙe," alhali ba wanda ya ɗauke shi aiki. Kunyoyin gonar gyaɗarsa kuwa, mutane daga hanyar Makoda suke tsayar da babur su kalla. Da haka sunan ya bi shi, har jikokinsa wasu ba su san sunansa Yahya ba.

Ya kasance shi ne gwamnatin da muka fara fahimta. A gindin marken nan, da rediyonsa, ya koya mana bambancin Tarayya da Jiha da Ƙaramar Hukuma, da wadda za a je wa in rufin makaranta ya yaye, da wadda zuwa wajenta ɓata kuɗin mota ne. Shi ya ce mana in muka kunna rediyo da safe muka ji badujalar soja ba labarai, to an yi juyin mulki, kowa ya tafi gonarsa. Matasa sukan yi murna in hakan ta faru, su zo su ce, "Saje, naku sun hau." Sai ya ɓata rai. "Ba nawa ba ne. Soja an ba shi bindiga ya tsare ƙofa ne, ba ya shiga ɗaki ya zauna a kan gadon mai gida ba." Ni malamin makaranta ne, amma wallahi a bakinsa na fara jin wannan.

To, sai aka zo zaɓen ƙananan hukumomi na zamanin mulkin soja, wanda muke kira ƙato bayan ƙato. Yaran yanzu ba ku san shi ba. Babu akwati, babu dangwala yatsa a ɓoye. A kafa hoton ɗan takara a jikin sanda, duk mai sonsa ya je ya tsaya a layi a bayan hoton, rana tsaka, surukinka na kallonka, maƙwabcinka na kallonka. Malaman zaɓe su bi layi suna dafa kafaɗa suna ƙirgawa. A mazaɓarmu mu biyu muka tsaya takarar kujerar kansila, ni da Saje. Gari ya rabe biyu, har akwai gidan da wa da ƙane suka daina cin tuwo a kwano ɗaya.

A wannan filin aka yi. Hotonsa can wajen tuta, nawa nan kusa da ofis. Ni na hau kan benci a gaban layina don in ga mutanena. Saje kuwa, kun san shi. Ya gyara nasa layin ya zama kamar an ja zare. Sai ya waiwayo ya ga nawa. Wutsiyar layina tsofaffi ne, rana ta dame su, sun karkace suna neman inuwar katanga. Ransa bai ba shi ya bari ba. Ya bar hotonsa, ya tsallako, ya kama bin layin abokin hamayyarsa yana cewa, "A miƙe, Baba, a miƙe."

Ana cikin haka aka busa usur aka fara ƙirga layukan biyu a tare. Malamin da ke ƙirga nawa baƙo ne, bai san Saje ba. Hoton da aka kafa na kakin soja ne da hula, shi kuma ga shi cikin 'yar shara. Ya iso ƙarshen layi, ya tarar da mutum a tsaye ƙiƙam a bayan tsoho na ƙarshe yana riƙe da kafaɗarsa, ya dafa shi ya ce, "Ɗari huɗu da goma sha takwas." Can a layin Saje aka tashi da ɗari huɗu da goma sha bakwai. Da yana tsaye a nasa layin, da shi ya ci ni da ɗaya.

Kafin ka ce me, fili ya hargitse. Samarinsa suka fara zare sandunan darni. Malaman zaɓe suka tattara takardu. Saje ya hau kan tebur, bai ɗaga murya sosai ba, ya ce, "A ina aka ƙirga ni?" Aka ce a layin Malam. Ya ce, "Wani ya ɗauko ni ya kai ni?" Aka ce a'a. "To an gama. Soja, inda aka ƙirga shi nan yake. Duk wanda ya ɗaga sanda, da ni zai fara." Ya sauko ya kama hannun babbar rigata ya gyara mini ita a kafaɗa, ya ce, "Kansila, ta karkace."

Wannan duk kun sani, ana ba yara labarinsa ana dariya. Ga abin da ba ku sani ba.

Ina kan benci. Layin gaba ɗaya a idona yake. Na ga Saje a wutsiya, na ga malamin zaɓe yana matsowa, saura mutum goma, saura biyar. Kalma ɗaya ta isa. In ce, "Saje, koma layinka." Na buɗe baki, sai na rufe.

Akwai wadda ta gan ni, Hajiya Hure, tana tsaye cikin matan layin mijinta. A ranar ta ce, "Malam Hadi ya gani." Aka zo aka tambaye ni a gaban Dagaci na wancan lokaci, na ce rana ce ta kashe mini ido, ban ga komai ba. Ni hedimasta ne, mai bulalar yara a kan ƙarya, sai aka yarda da ni. Ita aka ce baƙin ciki ne na matar wanda ya faɗi. Shekara talatin da wani abu ana yi mata wannan kallon. A gidan biki in ta faɗi magana sai wata ta ce, "Ko wannan ma kin gani ne?" a kwashe da dariya. Na sha jin hakan da kunnena, na wuce.

Shi kuwa me ya yi mini? Ya kasance duk ranar da zan je sakatariya, da sassafe zan ji babur ɗinsa a ƙofar gidana. "Hau, Kansila. Kai ba ka san yadda ake tsayawa a gaban ofis ba." Kwalbatin da ke kan rafi, wanda motocin kasuwa ke bi yau, sau goma sha ɗaya muka je a kansa. Ni in gaji in ce mu tafi, shi ya tsaya a ƙofar ofishin injiniya, hannu a baya, ba zagi ba roƙo, har mutumin ya ji kunya ya fito. Aka rubuta sunana a jikin siminti. Ban ce a sa nasa ba, shi ma bai tambaya ba. Da aka sake juyin mulki aka rushe mu, shi ya fara zuwa, rediyo a hannu. "Kansila, ka ji badujala? To ɗauko fartanya, gonarka ta yi ciyawa." Muka yi dariya har da hawaye, amma a hanyar gona ya ce mini abin ya yi masa ciwo, don ƙuri'arsa ce aka rushe.

Sati biyu kafin rasuwarsa na je duba shi bayan la'asar. Yana kwance a soro, ya rame, amma bargon nan a miƙe yake kamar an goge. Na zauna ina ta kame-kame. Na ce, "Saje, ranar zaɓen nan..." Ya ce, "Na gan ka ai. Ka buɗe baki ka rufe kamar tarwaɗa." Na ce to me ya hana ka faɗa duk shekarun nan? Ya ce, "In na faɗa a ranar, da an zubar da jini a filin makaranta. In na faɗa daga baya, wa zai ƙara kawo ɗansa wajen hedimasta? Ni na yafe tun a kan teburin. Amma Hure ba ta yi ƙarya ba, Malam, kuma ba ni zan wanke ta ba. Wannan layin naka ne, kai za ka miƙar da shi." Na ce zan yi. Na yi ta cewa gobe, har goben ta zo babu shi.

Hajiya Hure, ga ni a filin da abin ya faru, a gaban Dagaci da Liman da 'ya'yanki. Kin faɗi gaskiya. Na gani. Rana ba ta kashe mini ido ba, son kujera ne ya rufe mini baki. Duk wadda ta taɓa yi miki dariya a kan wannan magana, ni na sa ta. Ba na cewa ki yafe mini yau don jama'a na kallo. In kin ga dama ki yafe, in ba ki ga dama ba haƙƙinki ne, kuma ba wanda zai ce kin yi laifi.

Abdulkabir, kai ka gaji kakin, kuma mun san da kyar ka samu izinin zuwa daga inda kuke fama a gabas. In ka koma, ka tuna mahaifinka ya riƙe bindiga shekara goma sha takwas, amma ranar da aka kayar da shi da kuskure, da baki ya kwantar da gari. Sa'adiyya, ke da ƙannenki ku riƙe mahaifiyarku. Ku kuma masu neman kujeru a zaɓe mai zuwa, na ga da yawanku a nan, ba ni da bakin yi muku wa'azi. Kun dai ji yadda ƙuri'a ɗaya take da nauyi.

Ranar jana'izarsa kun ga abin da na gani. Wannan fili bai ɗauke mu ba, sai da aka fita har bakin gonarsa. Aka ajiye shi a gaba. Waɗanda suka tsaya a layinsa a wancan zaɓe da waɗanda suka tsaya a nawa, da 'ya'yansu da jikokinsu, duk muka jeru a bayansa, babu layi na biyu. Liman ya juyo ya ce a daidaita sahu, sai ga sahu a karkace, kowa na jiran a taɓa masa kafaɗa. Can daga baya wani tsoho ya ce a hankali, "A miƙe." Na ga manyan mutane suna share ido da bakin riga. An matsa mini wuri a sahun gaba, na ƙi. Na zagaya can ƙarshen sahun baya na tsaya, don a nan ya tsaya mini. Ba wanda ya dafa ni ya ƙirga, amma Allah ya ga inda na tsaya.

A madadin iyali da garin Rafin Marke, muna godiya ga duk wanda ya tako, na kusa da na nesa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Yahya ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka yafe masa abin da ya gani a fagen yaƙi bai iya faɗa ba. Ka ba Hajiya Hure da 'ya'yanta haƙuri. Ka tsare sojojinmu da ke daji, ka ba ƙasarmu shugabanni masu jin kunya. Ranar da za a tsayar da mu sahu-sahu a gabanka, ranar da ba wanda zai ce rana ta kashe masa ido, ka sa Saje a layin mutanen kirki, mu kuma ka ba mu wuri ko a wutsiyarsa ne. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.